A rufe kulob-kulob ga 'yan ajin ƙarshe, ko a bar su?

Maman Khalil:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga malamai da iyayen da suka riga mu wuce wannan gaɓa. Makarantar su yarona ta aiko da takarda cewa daga wannan zangon an dakatar da ɗaliban aji biyun ƙarshe daga duk wani kulob: ba muhawara, ba wasan kwaikwayo, ba ƙwallo, ba ƙungiyar agaji. Lokacin da ake yin su za a mayar da shi ƙarin darasi saboda jarrabawar fita. Babansa har da hamdala. Shi kuwa yaron tun ranar ya daina walwala, don shi ne mai magana na biyu a tawagar muhawararsu. Ni na rasa gefen da zan tsaya. Shin abubuwan nan da ake yi bayan an tashi daga aji suna da wani amfani na zahiri ga ɗan shekara 16 ko 17, ko mu ne kawai muke zuzuta su?

Abu Sadiƙ:
Wa alaikumus salam. Hajiya, makarantar nan ta kyauta, kuma maigida ya fi ki gaskiya. Ranar da sakamako zai fito ba wanda zai tambayi yaro kofi nawa ya ciwo. Maki ake dubawa. Taura biyu ba ta taunuwa. Ya ci jarrabawa tukuna, in ya shiga jami'a ya yi ta muhawarar har ya gaji.

Malamin Lissafi:
Alhaji, a ƙa'ida ni ya kamata in fi kowa murna, tunda lissafi ne ke cinye rabin irin wannan ƙarin lokaci. Amma na san abin da ke faruwa a darasin yamma. Yaro ya zauna kan benci tun safe, ka zo ka sake jibga masa awa biyu, gangar jikinsa ce kawai a ajin. Kai malami kana ta rubutu a allo, su suna ta kwafa, kowa ya tashi da zaton an yi karatu.

Kulob ɗin lissafin da nake riƙe da shi bai yi kama da aji ba ko kaɗan. Tambaya ɗaya nake ba su, mu yi mako guda muna kokawa da ita. Daga tambayoyin gasar lissafi ta duniya nake ɗebowa, wadda aka fara a Romaniya a 1959 da ƙasashe bakwai kacal, yau ga ta da ƙasashe sama da ɗari. Kowace ƙasa ɗalibai shida take turawa, 'yan ƙasa da shekara 20 da ba su shiga jami'a ba. Kwana biyu ake yi, kullum tambaya uku, a ba ka awa huɗu da rabi. Ku duba fa, tambaya uku a awa huɗu da rabi. A aji sauri muke koya wa yaro, ya ga tambaya ya gane irinta ya zuba amsa. A can kuwa abin da ake koyo shi ne ka zauna da abin da ba ka san hanyarsa ba, ba tare da ka firgita ba. Yarana ba wanda ya je ko kusa da waccan gasa, kuma ba don ita nake tara su ba. Amma in suka shiga ɗakin jarrabawa suka ci karo da tambayar da ba su taɓa gani ba, ba sa ajiye biro.

Abu Sadiƙ:
Allah ya gafarta Malam, ai wannan ma karatu ne. Lissafi ne dai, ko da safe ko da yamma. Ni da ƙwallo da wasan kwaikwayo da surutun muhawara nake.

Malama Mai Horar da Muhawara:
To Alhaji, bari ka ji yadda ake yin surutun. A tsarin gasar muhawara ta makarantun duniya, wadda aka fara a Ostireliya a 1988, kowace tawaga mutum uku ne ke magana, kowa minti takwas. Ba kai ke zaɓar ɓangaren da za ka kare ba, ba ka ake yi. Wasu batutuwan ana sanar da su tun da wuri, wasu kuwa sai saura awa ɗaya a fara, a bar yaran su kaɗai a ɗaki, ba waya, ba intanet, ba malami. Kana tsaka da magana abokin hamayya zai miƙe ya nemi jefo maka tambaya. Kana iya ƙi, in kuma ka karɓa dole ka amsa nan take ka koma kan abin da kake faɗa. Alƙalai kashi 40 suke ba hujja, 40 salon magana, 20 dabara.

Yaron da zai iya wannan sai ya karanta labaran duniya, ya ɗan san tarihi, ya ɗan san tattalin arziki, ya iya jera magana daki-daki har ta kai inda ya nufa. Mene ne kuma ake nema a rubutun insha'i ranar jarrabawa in ba wannan ba?

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne tilasta wa yaro ya kare ra'ayin da bai yarda da shi ba. Ɗan shekara 17 a ganinsa ya gama sanin duniya. Sai ka sa shi ya tsaya a ɗaya gefen, ya tono hujjojinsu da kansa, ka ga ya dawo jikinsa a sanyaye yana cewa ashe su ma suna da abin faɗa. Maman Khalil, mai magana na biyu aiki biyu ne a kansa, ya rushe hujjar abokan hamayya, ya kuma kawo sabuwar hujjar tawagarsa. Ba a ɗora wa yaron da ba shi da kai wannan.

Ɗan Ƙididdiga:
Ina da ja, ko da yake ba irin ta Abu Sadiƙ ba. Kullum ana cewa yaran kulob sun fi cin jarrabawa, sun fi natsuwa. To wa ya ce kulob ɗin ne ya gyara su? Wane yaro ne ke shiga kulob tun farko? Mai ƙwazo, wanda iyayensa ke bibiyarsa, wanda ba a jiransa da wani aiki a gida, wanda ke da hanyar komawa in yamma ta yi. Irin wannan ko ba kulob zai ci. Malamin Lissafi, yaran da ba sa ajiye biron nan, ba dama can su ne masu son lissafi ba, shi ya sa suka zo wurinka?

Malamin Lissafi:
Wanda ya zo da ƙafarsa dama yana so, wannan ban musa ba. Amma so daban, juriya daban. Mafi yawansu suna zuwa ne da ɗabi'ar in minti biyar ya wuce ba su ga hanya ba sai su ce “ba a koya mana ba”. Wannan ɗabi'ar nake gani tana barinsu a hankali, kuma ba da ita kaɗai suka zo ba, har da girman kan wanda ya saba zuwa na ɗaya.

Baba Firinsifal Mai Ritaya:
Ɗana Ɗan Ƙididdiga, tambayarka ta yi kyau, kuma amsarta tana wurin da aka gwada abin a kan kowa da kowa, ba zaɓaɓɓu kaɗai ba. Ɗauki Aislan, tsibirin nan na arewacin Turai. A 1998 da aka tambayi 'yan shekara 15 da 16, kashi 42 cikin ɗari sun ce sun sha giya har sun bugu a cikin watan da ya gabata, kashi 23 kuma kullum sai sun sha taba. Zuwa 2016 na farkon ya sauko kashi 5, na biyun kashi 3. Ba lacca suka ƙara wa yaran ba. Yammacinsu suka cika da wasanni da kiɗa da zane a hannun masu horarwa na gaske, babban birnin ƙasar ya riƙa ba kowane yaro tallafi don ya shiga abin da yake so, aka hana 'yan shekara 13 zuwa 16 yawon dare, aka ja iyaye a jiki su riƙa zama da 'ya'yansu. Ba zan ce kulob kaɗai ya yi aikin ba, abubuwa ne da yawa a haɗe. Amma tsakanin tashi daga makaranta da kwanciya barci lokaci ne mai tsawo, kuma yaro ba ya barinsa fayau. In babba bai shirya masa abin yi ba, zai samo da kansa.

Na daɗe ina riƙe da makaranta. Duk sa'ad da aka rufe filin wasa saboda jarrabawa, abin da ke ƙaruwa a ofishina shi ne ƙarar faɗa da tsallake katanga.

Ɗan Ƙididdiga:
Ranka ya daɗe, a wasu ƙasashen Turai ma shaye-shayen matasa ya ragu a wannan tsakani, ko da bai kai nasu ba. Don haka ba duka ladan ne nasu ba. Na dai yarda wannan hujja ta fi “yaran kulob ɗinmu sun fi ƙoƙari” nauyi nesa ba kusa ba.

Anti Nas:
Ni ta fannin lafiya zan shigo, kuma kowane ɓangare zai sha nasa. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro har zuwa shekara 17 ya samu motsa jiki na aƙalla minti 60 a rana, irin wanda zai sa shi haki. A binciken da hukumar ta fitar a 2019, kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa kai wannan ma'auni, kuma 'yan mata sun fi, kashi 85. To makarantar da ta cire ƙwallo ta sa benci a gurbinta, ta ƙara wa wannan ciwo ne.

Amma iyayen da ke cusa yaro a kulob huɗu, ga lesin, ga aikin gida, ya kwanta sha biyun dare ya tashi da asuba, su ma ba su tsira ba. Abin da yaro ya karanta a barci yake zama a ƙwaƙwalwa. Kafin a yi gardamar me za a ƙara masa, a lissafa awa nawa yake barci. In bai kai takwas ba, ragewa za a yi, ko kulob ne ko lesin.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:
Iyayena da malamaina ku yi haƙuri in sa baki, tunda a kanmu ake magana. Akwai kulob, akwai kuma sunan kulob. Wasu a takarda kawai suke. A rubuta sunayenmu farkon shekara, a zaɓi shugaba, a ɗauki hoto, shi ke nan sai ranar rabon satifiket. Wani kuma malami ne zai zo ya tsaya ya yi ta bayani muna rubutawa, aji ne dai aka canza masa ɗaki. In irin waɗannan za a rufe, wallahi ba wanda zai yi kuka.

Wanda ya amfane ni ƙungiyar agaji ce. A nan na koyi danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya, sau 30 sannan hura numfashi biyu, da yadda ake tsayar da jini da kwantar da wanda ya suma. Ranar wasannin makaranta mu ne muke tsayawa bakin fili da akwatin magani, kuma in wani ya faɗi mu ake kallo. A aji ba a taɓa dogara da ni a kan komai ba sai kaina.

Sai maganar mu mata. Yawancin kulob sai bayan an tashi ake yi, mu kuma a lokacin ake jiranmu a gida. Ƙawayena da yawa sun fi ni ƙoƙari, amma ko sau ɗaya ba a bar su sun tsaya ba. In an tashi yabon 'yan kulob sai a ga maza sun fi yawa, a ce mata ba su da sha'awa.

Anti Nas:
Ƙanwata Allah ya yi miki albarka. Ƙara da cewa dannawar tana tafiya ne sau 100 zuwa 120 a minti, kuma ba a tsayawa sai taimako ya iso. Manya da yawa a nan zauren ba su san wannan ba.

Malama Mai Ba Ɗalibai Shawara:
'Yata ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi, wato tara satifiket. Aikina ne taimaka wa ɗalibai cike takardun neman gurbin karatu da tallafi, kuma ina ganin yaro ya zo da takardun shaida guda goma, in ka ce ya ba ka labarin ɗaya daga ciki na minti biyu sai ya yi shiru. Masu tantancewa sun fi mu sanin wannan. Inda abin ya kai maƙura shi ne Amurka, inda manyan jami'o'i ke duba abin da ɗalibi ya yi a wajen aji. A Maris na 2019 aka gurfanar da mutum 50 a wata badaƙala, ciki har da attajirai da taurarin fim, saboda sun biya kuɗi an shigar da 'ya'yansu jami'a. Wasu an nuna su a matsayin 'yan wasan da ba su taɓa yi ba, har da ɗora fuskar yaro a kan hoton jikin wani ɗan wasa. Da zarar an ce abu yana da maki, mai kuɗi zai nemi hanyar saye.

Tsarin da nake ganin ya fahimci matsalar shi ne lambar yabo ta Duke of Edinburgh, wadda Yarima Philip ya kafa a Birtaniya a 1956 da shawarar tsohon malaminsa Kurt Hahn, yanzu kuma ana yin ta a ƙasashe fiye da ɗari. Ta 'yan shekara 14 zuwa 24 ce, kuma ba gasa ba ce, ba wanda kake kayarwa. Za ka zaɓi aikin sa kai guda, motsa jiki guda, wata fasaha guda, ka riƙa ba kowanne kamar awa ɗaya a mako, sannan ku yi tafiyar ƙasa a ƙungiya ku kwana a waje. Matakinta na farko, wato na tagulla, ba ya kammaluwa ƙasa da wata shida. Na ƙoli, wato na zinare, in kai tsaye ka shige shi, wata 18 ne, tafiyarsa kwana huɗu. Sirrin yana cikin watannin nan. Ba za ka iya yin wata shida a mako biyu ba, komai kuɗin babanka.

Haka ma difilomar IB, wato shaidar kammala sakandare ta ƙasa da ƙasa, wadda aka kafa hukumarta a birnin Janeba na Suwizalan a 1968. Ɗalibanta 'yan shekara 16 zuwa 19 ne, daidai yaran da muke magana a kai, kuma jarrabawarsu ba wasa ba ce. Duk da haka dole kowa ya yi wata 18 yana ƙirƙira da motsa jiki da hidimar jama'a. Ba a ba shi maki a kai, amma in bai yi ba ba difiloma.

Ni shawarata ga ɗan aji biyun ƙarshe kullum ɗaya ce: abu guda, wanda shi ya zaɓa, ya daɗe a ciki har a damƙa masa wani nauyi.

Abu Sadiƙ:
Duk kun kawo misalin Turawa. Ku je Koriya ta Kudu da Sin mana, inda yara ke lesin har dare. Ba su ne ke kan gaba a lissafi da kimiyya ba? Da wasan kwaikwayo suka kai can?

Malama Mai Ba Ɗalibai Shawara:
Alhaji, misalin da ka kawo ba ya bayanka. A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, sai da hukuma ta sa doka cewa makarantun lesin su rufe ƙarfe 10 na dare, saboda abin ya wuce gona da iri. Sin kuwa a Yulin 2021 ta hana kamfanoni cin riba da lesin manyan darussa ga yaran firamare da ƙaramar sakandare, ta kuma rage aikin gida. Su da kansu suka ga yaran suna ƙonewa. In kuma Asiya kake so, ga Singafo, wadda ita ma ke sahun gaba a lissafi da kimiyya. A can dole ne kowane ɗalibin sakandare ya shiga aƙalla ƙungiya ɗaya, wasa ko kiɗa ko masu kayan sarki irin su sikawut ko kulob, kuma wanda ya yi fice ana ba shi ƙarin maki har biyu wajen neman makaranta ta gaba.

Abu Sadiƙ:
To ai kin ga, can ma sai da aka sa maki sannan aka yi. Maganata ke nan.

Oga Mai Gyaran Waya:
Ina ta karantawa ina jira wani ya ambaci yaran da nake gani, ba wanda ya yi. Akwai yaron da in an tashi daga makaranta wurin koyon sana'a yake wucewa. Akwai yarinyar da ke renon ƙannenta huɗu, ta yi musu wanka ta duba musu aikin gida. Akwai mai taya uwarsa lissafin ciniki. Waɗannan ba su da kulob, ba su da riga mai tambari, ba mai ba su satifiket. Amma duk abin da kuke lissafawa, juriya ne, ɗaukar nauyi ne, iya magana da mutane ne, sun riga 'yan kulob samu. Yaron da ke wurina ya buɗe wayar mutum, ya san in ya ɓata ta shi zai kalli mai ita ido da ido. Wane kulob ne ke koyar da wannan?

Abin da ke ba ni haushi, ranar da za a tambaye shi me yake yi bayan makaranta, sunkuyar da kai zai yi ya ce ba komai.

Malama Mai Ba Ɗalibai Shawara:
Oga, ka faɗi gaskiya, kuma irin waɗannan nakan zaunar da su in ce su rubuta shi. Wasu takardun neman gurbi ma suna da wurin da aka tanada don aikin gida da na neman kuɗi. Sai dai kada mu yi wa talauci kwalliya. Yaron da ya zaɓi koyon gyara daban yake da yarinyar da ba a taɓa tambayarta ko tana son wani abu ba. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 31, ta ce yaro yana da haƙƙin hutu da wasa da shiga harkokin fasaha. Ita mai renon ta koyi ɗaukar nauyi, amma an ci mata wannan.

Tsohon Ɗan Sikawut:
Akwai abin da makarantar su Khalil ba ta lissafa ba. In ka cire manyan ɗalibai daga kulob, ba su kaɗai ka cire ba, kulob ɗin ka kashe. Su ne ke koya wa ƙanana. Tun sansanin farko da Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya yi a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, da yara wajen 20, raba su ya yi ƙananan rukuni, kowane rukuni ya ba yaro ɗaya jagoranci. Har yau a kan haka sikawut take tafiya. Babba yana gefe, yaro ke jan yara.

Kuma a nan ne amfanin yake ga ɗan shekara 17. A ajin farko kai ake koya wa ɗaurin igiya da kafa tanti. A ajin ƙarshe kai za ka tsara tafiya, ka raba aiki, ka lallashi wanda ya yi fushi, ka amsa tambaya in abu ya lalace. Shekarun baya duk share fage ne na wannan. Sai a zo daidai lokacin da yaro zai karɓi ragama a ce ya koma benci. Shekara mai zuwa kuma wannan yaron ne za a tura jami'a ko wurin aiki, inda ba mai tashinsa da safe.

Malamin Kimiyya:
Kowa na ta yabon kulob, ba wanda ya tambayi wa ke tsayawa da yaran. Malami ne. Bayan ya gama darasinsa, ga tarin littattafan da zai duba, sai ya tsaya har yamma, wani lokaci har ranar hutu, kuma a mafi yawan makarantu ba ko sisin alawus. Japan ta shahara da kulob-kulob na makaranta, kusan kowane yaro yana cikin ɗaya. Ku tambayi malamansu. A binciken OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu ci gaba, na 2018, malaman ƙaramar sakandare na Japan sun fi na kowace ƙasa daɗewa a bakin aiki, awa 56 a mako, kuma awa bakwai da rabi daga ciki a kulob suke tafiya. A shekarar ce hukumar wasannin ƙasar ta fitar da ƙa'ida cewa a huta kwana biyu a mako, atisaye kada ya wuce kamar awa biyu ranar makaranta, uku ranar hutu. Yanzu ma ƙoƙari suke su miƙa kulob na ƙarshen mako ga ƙungiyoyin unguwa.

Ina zargin makarantu da yawa da ke rufe kulob “saboda jarrabawa” ba jarrabawar ce dalili ba. Ƙarin darasi ana iya karɓar kuɗinsa daga iyaye, kulob kuwa ba a iyawa.

Maman Khalil:
Malam, wannan zargin naka ya sa na koma na sake duba takardar. Akwai kuɗin ƙarin darasi a ƙasanta.

Baba Firinsifal Mai Ritaya:
'Yata, kada ki je wa shugaban makarantar da wannan a baki, zai kulle ƙofa ne kawai. Ku haɗu ku iyaye kaɗan, ku tafi da abin da zai iya cewa to a kai. Na farko, kowane babban ɗalibi a bar masa ƙungiya ɗaya tak. Na biyu, a sa ta cikin jadawalin mako, a tsakiyar rana, ba bayan an tashi ba. Wannan shi zai shigo da 'yan matan da ɗalibarmu ta ambata da yaran Oga, kuma malami bai ƙara awa ba. Na uku, in jarrabawa ta rage mako shida ko takwas, manya su miƙa ragama ga 'yan ajin da ke bi musu, a yi ɗan taron miƙawa, su tafi karatu da zuciya ɗaya. Wanda makinsa ya faɗi ƙasa da abin da aka yarda a kai, a dakatar da shi shi kaɗai har ya farfaɗo. Yaran da ke son ƙwallo da gaske na ga sun yi karatun da bulala ba ta sa su ba saboda wannan sharaɗi.

Abu Sadiƙ:
Baba, in da sharaɗin maki a ciki, zan iya haƙura da awa ɗaya a mako. Amma awa ɗaya fa. Nawa yaran dai na san inda za su kasance da yamma.

Malama Mai Horar da Muhawara:
Awa ɗaya ba ta isa ko zagaye ɗaya na muhawara da gyaran kurakurai ba, Alhaji. Jawabai shida na minti takwas kaɗai sun kai minti 48, ban da na rufewa. A ba mu biyu.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:
Baba, in mu ɗalibai ne muka rubuta takardar da kanmu muka kai ofis, zai zama rashin kunya?

Baba Firinsifal Mai Ritaya:
A'a jikata, in an rubuta da ladabi aka bi ta hannun malamin da ke kula da ƙungiyar. Ku sa sunayenku duka, kada ku bar mutum ɗaya a gaba. Ku faɗi ranar da za ku miƙa ragama da sunan waɗanda za ku miƙa wa, shugaba ya ga kun riga shi tunanin jarrabawar.

Malamin Kimiyya:
Baba, sa shi cikin jadawali yana nufin wani darasi zai rasa awarsa, kuma na san ba lissafi za a taɓa ba. Gasa da tafiye-tafiye kuma ranar hutu ake yin su ko an ƙi ko an so. Har yanzu ba wanda ya ce min wa zai biya malamin da zai raka su.